Ummu Hani da Shafin Kayan Kakanni

Ummu Hani haifaffiyar Gulma ce, ɗiyar wani manomin shinkafa mai fadama a bakin gulbi. Tun tana ƙarama an san ta da ƙaiƙayin hannu. In ta ga ƙanwarta na fama da ɗaurin zane, sai ta kwance ta ɗaura mata. In ta ga tsohuwa na laluben kafar allura, sai ta karɓe ta zura zaren tun ba a roƙe ta ba. Mahaifiyarta takan ce, "Ke dai ba ki iya ganin mutum yana ƙoƙari ki bar shi ya koya." Ita kuwa sai ta yi dariya ta ci gaba da abinta.

Da ta gama makaranta aka tura ta Sakkwato ta koyi buga tafireta, ta kuma samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati. A can ta auri Kalilu, mutumin Argungu, mai fataucin albasa zuwa kudu. Suna zaune lafiya sai ga shekarar 1991, aka yanke jihar Kebbi, aka ce ma'aikata 'yan asalin yankin su tattara su koma gida. Ummu Hani ta iso Birnin Kebbi a gaban wata babbar mota da aka cika da kabad da kujeru, goyo a bayanta, tafiretarta a kan cinya, don ta rantse ba za a jefa mata ita cikin kaya ba.

Ofisoshi ba su wadata ba a lokacin. Teburinta a baranda aka ajiye shi, in iska ta taso sai ta danne takardu da dutse. Amma har yau in ana hirar waɗancan shekaru fuskarta washewa take yi. Kowa sabo ne, kowa na neman inda zai sa kai, manya da ƙanana a kwano ɗaya ake cin tuwon shinkafa da rana. Ita da Kalilu suka kama ɗaki biyu a unguwar Nasarawa, daga baya suka gina nasu a nan kusa. Duk wanda ya ratsa ta barandar nan ya san ƙarar tafiretar Ummu Hani, kamar ana suyar gyaɗa a kasko, kuma ba ta duban yatsunta, tana bugawa tana amsa gaisuwa.

Bayan wasu shekaru aka kawo kwamfuta ofishinsu. Ta daɗe tana kewaye ta kamar yadda akuya ke kewaye baƙon kare. Wanda ya raba ta da tsoron shi ne Muhyiddeen, ƙanin mijinta, malamin kwamfuta a wata kwaleji a garin. Da yake ƙanin miji abokin wasa ne, koyarwar rabi karatu ce rabi tsokana. Yakan ce, "Matar Yaya, ki rage ƙarfi, wannan ba turmi ba ne." Ita kuma ta ce, "Da ƙarfin nan na dafa tuwon da ya kai ka jami'a." Ba a daɗe ba ta fi shi saurin bugu, abin da bai taɓa yarda da shi a gaban mutane ba.

Wajen shekarar 2004 wata ƙungiyar zumunci ta mutanen Argungu da ƙauyukan kewaye ta shiga tara tsofaffin kaya daga gidaje. Ba babban gidan tarihin garin ba ne, ɗaki ne kawai da zaure a gidan wani dattijo, suka sa masa suna Ɗakin Kayan Kakanni. An tara homa, ragar nan ta hannu da masunta ke shiga ruwa da ita, da gorunan da suke hawa su yi iyo, da ƙugiyoyi, da ganguna, da masu, da alluna, da kayan kaɗi da saƙa. Muhyiddeen ɗan ƙungiyar ne, shi ya kawo shawarar a ɗauki hotunan kayan a sa a intanet, don 'yan gari da ke nesa su gani. Ya ɗauki hotuna, ya gina shafin da Turanci, Ummu Hani kuma ta riƙa buga bayanin kowane abu ranakun Asabar. Ranar da aka buɗe shafin an yi taro, an yi jawabai, an tafa, an sha lemo, kowa ya koma gida yana yabon yaron Argungu mai ƙwaƙwalwa.

Ana haka sai ga Goggo Riskuwa, ƙanwar mahaifin Ummu Hani, ta zo daga Gulma bikin suna. Ita ce ta ba ƙungiyar wani baƙin akushi da ta gada daga kakarta. Da Ummu Hani ta gaya mata akushin ya shiga intanet, duk duniya na ganinsa, tsohuwar ta ce sai an kai ta ta gani da idonta. Washegari da hantsi suka tafi wani shagon intanet a Nasarawa, inda samari ke cike suna neman gurbin karatu. Aka matsa wa Goggo, ta zauna ta gyara mayafi kamar wadda za a ɗauka hoto.

Shafin ya buɗe da ƙyar. Rubutu ne ƙanana cunkus, sai wani ɗan akwati a sama inda ake rubuta abin da ake nema. Ummu Hani ta rubuta akushi. Kwamfuta ta ce babu. Ta rubuta kwano, babu. Ta rubuta Gulma, nan ma babu. Ita da hannunta ta buga bayanin akushin nan, amma ga shi ya ɓace mata kamar allura a cikin rairayi. Sai da ta bi wasu dogayen kalmomin Turanci ɗaya bayan ɗaya, ta shiga nan ta fita can, sannan ta tarar da shi ƙarƙashin kayan katako, da wata lamba a gefensa maimakon suna.

"Ga shi nan, Goggo, yanzu zai fito."

Hoton ya fara saukowa daga sama, layi-layi, a hankali kamar ana kwance tabarma. Goggo ta miƙa wuya. Bakin akushin ya bayyana, da 'yar tsagar nan da ta sani. Bai kai rabi ba aka ɗauke wuta, allon ya yi baƙi ƙirin.

Goggo ta ce, "To, ɗiyata, na ga bakin akushina. Gindin kuwa sai baɗi, in muna da rai."

Duk shagon ya ɗauki dariya, har da mai shagon da ya fita tada janareto. Ummu Hani ma ta yi dariya har da ƙwalla, amma a hanyar gida abin ya tsaya mata a rai. In ita da ta buga bayanin ba ta iya samun akushi ba, wa zai iya?

Da yamma Muhyiddeen ya zo cin tuwo kamar yadda ya saba. Ta bari sai da ya kai loma ta uku sannan ta ba shi labari, ba ta rage komai ba, har da maganar Goggo. Da fari ya so ya kare kansa, ya ce ai haka manyan gidajen tarihi na ƙasashen waje ke tsara nasu.

"Su waɗancan Goggo Riskuwa gare su?" in ji ta. "Kai dai ka ɗauka ba ka jin Turanci, ka nemo mini akushin nan."

Ya ajiye lomar ya yi tunani, sai ya fashe da dariya ya ɗaga hannu sama. "Na sallama, Matar Yaya. Gaskiya akwai abin da muke koya wa ɗalibai, ni kuma na tsallake shi don gaggawar ranar buɗewa. Ana zaunar da mutane iri-iri a gaban shafi, a ce su nemo wani abu, a zuba musu ido a ga inda suke tuntuɓe. Amma da sharaɗi. Ba a taimaka musu, ko da kuwa da ƙifta ido ne."

"Wannan ai mai sauƙi ne," ta ce. "Kai ka san kwamfuta, ni na san mutane. Bar mini gayya."

Kalilu, da ke gefe yana sauraro, ya ce, "Ke ce za ki zauna ki ga mutum na fama ki ƙyale shi? Zan so in ga wannan rana." Ya kuma yi alkawarin kai su Argungu a motarsa.

Kafin ranar suka ɗan yi gyara. Muhyiddeen ya ƙara sunayen kaya da Hausa, ya rage nauyin hotuna, ya kuma kwafe shafin duka a cikin kwamfutarsa don kada su dogara da intanet. Ummu Hani ta ba da shawarar a sa manyan hotuna a farko a matsayin ƙofofi, mutum ya danna wanda yake so ya shiga. Ta dage a sa tukunya a sahun gaba, don a cewarta mata suna gani za su san nan ne wurinsu.

Wata Asabar da safe suka ɗora kwamfuta a bayan motar Kalilu, tsakanin buhunan albasa, suka nufi Argungu. Har aka gama aikin ranar, duk wanda ya matso kusa da allon sai ya ji ƙamshin albasa. Suka kafa tebur a zauren Ɗakin Kayan Kakanni, aka tada ƙaramin janareto a waje.

Wanda ya fara zama shi ne Baba Tamba, tsohon masunci da ya yi suna a Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi, mai yatsu kamar saiwar itace. Muhyiddeen ya nuna masa linzamin kwamfuta, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur kibiya ta motsa a allo, sannan ya ce ya nemo ƙugiya. Baba Tamba ya damƙi linzamin kamar ya kama tarwaɗa, ya ɗaga shi sama yana nuna allon da shi. Kibiya ba ta motsa ba. Kafin ya sauke hannu Ummu Hani ta riga ta miƙe ta kama hannunsa ta dawo da shi kan tebur.

"Matar Yaya!"

"Ai ban yi magana ba."

Ta koma ta zauna. Baba Tamba ya tura linzami har ya kai bakin tebur, kibiya kuwa ba ta kai inda yake so ba. Sai ga hannun Ummu Hani ya sake isowa. Muhyiddeen ya fita, ya dawo da ƙwarya cike da gyaɗa mai ɓawo ya ɗora mata a cinya.

"Ɓare mana wannan, don Allah. In kin gama akwai wata."

Haka aka yi aikin ranar, Ummu Hani na ɓarar gyaɗa tana cije leɓe, idonta a kan allo. Kuma da hannunta ya samu abin yi sai ta fara ganin abin da da ba ta gani ba. Baba Tamba ya gano da kansa cewa in ya ɗaga linzamin ya mayar da shi baya, kibiya na jiransa. Ya samu ƙugiyar, ya dube ta, ya koma ya dubi hoton filafilin tuƙa jirgin ruwa, sai ya girgiza kai.

"Malam Muhyiddeen, wagga ƙugiya da filafilin ga tsawonsu ɗaya? Ta giwan ruwa ta, ko ta ɗan ƙaramin kifi? Ni ban iya sani, duk kun yi musu girma guda."

Muhyiddeen ya dafa kai. Kowane hoto cika allo yake yi, ƙarami da babba. Nan take suka yanke shawarar sake ɗaukar hotunan da tafin hannun mutum a gefe, kuma Baba Tamba ya ce a yi da nasa, don in an ga ƙugiya a kusa da hannun masunci an san gaskiyarta.

Bayan shi sai Malam Abdussamadu, mai makarantar zaure, wanda ke karanta Larabci da ajami kamar ruwa amma bai taɓa koyon boko ba. Shi idonsa ɓangaren dama na allon ya fara zuwa, inda babu komai sai fili. Da ya ga hoton wani tsohon allo ya ɗauko madubinsa na karatu ya kafa a kan gilashin yana son ganin hannun wanda ya rubuta. Ya ce in za a bari ya rubuta sunayen kayan da ajami da alƙalaminsa, sai a ɗauki hoton rubutun a liƙa kusa da na boko. Muhyiddeen ya ce zai ƙara wa shafin nauyi, amma za a gwada.

Sai aka zo kan Goggo Riskuwa, wadda aka ɗauko takanas daga Gulma. Ummu Hani ta gyara zama, don yanzu za a ga amfanin tukunyarta. Goggo ta kalli ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya. Ta wuce tukunya ko kallo na biyu ba ta yi mata ba, ta tura kibiya ta danna kan ganga. Daga ganguna ta shiga masu da garkuwoyi, daga nan ta faɗa kayan kamun kifi, ta tsaya kan homa tana ta kallo.

Ummu Hani ta kasa haƙuri. "Goggo, kayan mata fa suna can wajen tukunya. Akushinki na can."

"Ke, bar ni," in ji Goggo, ba ta ko juyo ba. "Tun ina yarinya nike kallon tukunya, mi za ta gwada mini sabo? Waɗanga su na ban taɓa gani kusa ba. Kullum daga nesa muke hangen su a hannun maza, in mun matso a ce mu ja baya. Ashe haka bakin homa yake!"

Muhyiddeen ya sunkuyar da kai yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa. Ummu Hani ta jefe shi da ɓawon gyaɗa, sannan ita ma ta saki tata. Akushin da aka sha wahala dominsa kuwa, Goggo ba ta ƙara tambayarsa ba. Abin da ya ƙara ɗaure wa Ummu Hani kai shi ne da ta waiwaya ta ga Baba Tamba ya roƙi a sake ba shi wuri, kuma kai tsaye ya shiga kayan kaɗi, ya tsaya kan mazari. Ya ce mahaifiyarsa da irinsa take kaɗa zaren da mahaifinsa ke saƙa raga, rabonsa da ganinsa tun rasuwarta. Daga ranar Ummu Hani ta daina cewa wannan ƙofar mata ce, waccan ta maza.

Rana ta yi tsaka, suna shirin tashi sallah, sai aka ji sandar wani tana ƙwanƙwasa dokin ƙofa. Malam Dikko ne, tsohon masaƙin raga da ya rasa ganinsa shekaru da dama, mutum mai barkwanci da duk unguwar ta sani. Ba a gayyace shi ba. Ya yi sallama, ya laluba benci ya zauna.

"An ce mini kuna kiran kowa da kowa a gwada abin ga da kunka yi. To, ni ba kowa ba na?"

Muhyiddeen ya yi gyaran murya ya ce akwai na'urar da ke karanta wa makafi rubutun kwamfuta, amma Turanci take yi, kuma su ba su da ita. Ya ƙara da cewa ko da suna da ita, shafin nasu yawanci hoto ne, ba abin da za ta karanta.

"To, ku gaya mini mi ke cikin hoton," in ji Malam Dikko.

Ummu Hani ta duba allon, hoton gora ne. Ta karanta abin da ita da kanta ta buga a ƙasa: gora, na kamun kifi, daga Argungu. Da ta faɗe shi da baki sai ta ji kunyar ƙarancinsa. Ta ajiye ƙwaryar gyaɗa ta dubi Muhyiddeen.

"Wannan karon dai ka bar ni."

"Na bar ki," ya ce.

Bayan sallah ta kama sandar Malam Dikko ta ja shi zuwa ɗakin kayan, ta ɗauko goran ta ɗora masa a cinya. Ya shafa shi tun daga baki har gindi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya kasa kunne, ya rungume shi kamar zai shiga ruwa. Sai ya fara magana. Ya ce goran ya cika hannu biyu na babban mutum, ba shi da nauyi, yaro ma zai ɗauka. Ya ce gefe ɗaya ya yi sulɓi don nan ne cikin mai shi ke kwanciya in yana iyo, kuma ya taɓa tsagewa an ɗinke shi, ga ɗinkin nan yana ji. Ummu Hani ta ruga zaure ta sa aka jawo teburin kwamfuta har bakin ƙofa, ta zauna ta shiga bugawa. Yana faɗa tana bugawa, ba ta bar ko kalma ɗaya ta faɗi ƙasa ba.

Ba kullum yake dacewa ba. Da aka miƙa masa wani abin katako mai dogon hannu ya shafa ya ce tabbas filafilin ƙaramin jirgi ne, har ya fara bayanin irin ruwan da ake tuƙa shi. Goggo Riskuwa ta leƙo ta ce, "Malam, muciyar tuwon biki ta wagga." Malam Dikko ya yi dariya har sandarsa ta faɗi, ya ce, "To, a rubuta duka biyu, ai tukunyar biki ma gulbi ta."

Aikin bai ƙare a ranar ba. Asabar da dama suka yi ta zuwa, Malam Dikko na shafa kaya yana bayani, Baba Tamba na ajiye hannunsa ana ɗaukar hoto, wasu lokuta su biyun su kaure da gardama kan sunan wani tarko har sai an raba su da shayi. Muhyiddeen ya kawo rikoda ya naɗi muryar Malam Dikko, ya sa a faifan sidi, don intanet ɗin lokacin ba ta iya ɗaukar murya.

Ba duk abin da aka nema aka samu ba. Tsofaffi na son manyan haruffa da bayani kaɗan, ɗaliban Muhyiddeen kuma da ya gwada su sun ce su a ba su komai dalla-dalla, har da shekara da sunan gidan da abu ya fito. Ƙarshe aka yi hanya biyu a shafin farko, ɗaya ta mai son ya zaga ya kalla, ɗaya ta mai neman wani abu takamaimai. Rubutun ajamin Malam Abdussamadu ya yi kyau ƙwarai, amma yana jinkirta buɗewa, sai aka bar shi a sunayen kaya kawai. Abin da ba wanda ya yi tsammani shi ne bayanin Malam Dikko. Da yake rubutu ya fi hoto saurin sauka, duk wanda ya buɗe shafin a shagon intanet maganar makahon yake fara karantawa, ya san girman abu da nauyinsa da inda ya tsage, tun hoton bai gama fitowa ba. Masu ido suka fi kowa cin moriyarsa.

Ummu Hani ta ci gaba da aikinta a ma'aikata har ta yi ritaya, 'ya'yanta suka girma, babbar ta zama malamar asibiti. Ta buɗe ɗan shagon buga takardu a ƙofar gidansu a Nasarawa, ta ajiye kwamfuta ɗaya a kusurwa wadda kowa ke iya zama ya duba Kayan Kakanni. Malaman firamare kan kawo ajinsu, manoman Zauro da suka shigo gari sayen taki kan tsaya su leƙa, wani ya ce ai akwai irin wannan a rumbun kakansa, bayan kwana biyu sai ga shi da abin a buhu.

Wata rana Kalilu ya dawo daga Argungu da Malam Dikko a gaban mota, tsohon ya zo ganin jikarsa da ke aure a Birnin Kebbi. Aka biyo da shi shagon, aka ci sa'a wata malama ta kawo ɗalibanta, an sa musu faifan sidi suna sauraro. Murya na fita daga lasifika tana bayanin yadda ake ƙulla homa. Malam Dikko ya tsaya a bakin ƙofa ya karkata kai.

"Wa na wanga tsoho mai surutu haka?"

"Kai ne, Malam," in ji Ummu Hani.

"Ni? Haba! Muryata ta fi wagga daɗi." Ya ƙara saurare, sai ya ɗaga sanda. "Tsaya, tsaya. Ya yi kure. Ba daga baki ake fara ƙullin ba, daga gindi na. Wa ya bar shi ya faɗi haka gaban yara?"

Yaran suka tuntsire da dariya, malamarsu na ƙoƙarin tsawata musu ita ma tana dariya. Malam Dikko ya laluba kujera ya zauna a tsakiyarsu, ya ce ba ya tashi sai an gyara. Ummu Hani ta aika a kira Muhyiddeen ya zo da rikoda, Kalilu kuma ya tafi gaya wa jikar cewa kakanta zai makara. Kafin su dawo tsohon ya riga ya sa an samo masa zare, yara sun kewaye shi, yana ƙulla musu gindin homa a kan babban yatsan ƙafarsa yana bayani, yana kuma tambaya ko a gidan nan ba a ba baƙo fura.